Gidan da Kaka Bai Gina Ba: Sharhi Kan Fim ɗin The Last Black Man in San Francisco

Wani saurayi baƙar fata ne a jikin tagar wani katafaren gida, da gwangwanin fenti a hannu, yana shafe katakon tagar a hankali kamar mai yi wa amarya lalle. Gidan ba nasa ba ne, ba wanda ya sa shi aikin, ba kuma wanda zai biya shi. Da matar gidan, wata Baturiya da ta manyanta, ta dawo daga cefane ta tarar da shi, sai ta hau jifansa da burodin da ta sayo, tana cewa za ta kira 'yan sanda, mijinta yana ba ta baki. Shi kuwa saurayin ko a jikinsa. Abin da ke damunsa shi ne yadda mutanen nan suka bar gidan yana lalacewa.

Sunansa Jimmie. A wannan gidan ya yi yarinta kafin gidan ya kuɓuce daga hannun mahaifinsa, kuma duk wanda ya tsaya ya saurare shi zai ji cewa kakansa ne ya gina shi da hannunsa a 1946. Duk Bahaushen da ya taɓa wucewa ta ƙofar gidan gadonsu bayan an sayar, ya ga an canza ƙyaure an sare darbejiyar ƙofar gida, ya san abin da ke cin Jimmie tun kafin a yi masa bayani.

Fim ɗin, wanda za a iya fassara sunansa da "Baƙar Fata na Ƙarshe a San Faransisko", ya fito a 2019. Joe Talbot ne ya ba da umarni, kuma shi ne dogon fim ɗinsa na farko. Ya tsara labarin tare da abokinsa na ƙuruciya Jimmie Fails, wanda ya fito a matsayin jarumin da ainihin sunansa, domin an ɗebo wani ɓangare na labarin daga rayuwarsa. Talbot Bature ne, Fails baƙar fata, dukansu 'yan garin. Fim ɗin ya samu lambar yabo ta ba da umarni a bikin fina-finai na Sundance na wannan shekarar. Mun kalle shi sau biyu, kuma ra'ayinmu shi ne: ya yi ƙoƙarin da ba kasafai ake gani ba wajen bayyana abin da mutum ke rasawa idan aka raba shi da unguwarsu, amma ya yi sakaci wajen nuna waɗanda suka raba shi da ita.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Jimmie yana aiki a gidan kula da tsofaffi, yana kwana a ƙasa a ɗakin abokinsa Montgomery, wanda ake kira Mont, a unguwar Hunters Point da ke gefen gari. Mont yana sayar da kifi, yana zane, yana rubuta wasan kwaikwayon da bai taɓa kammalawa ba. Da dare yakan zauna kusa da kakansa makaho yana gaya masa abin da ke faruwa a tsofaffin fina-finan da talabijin ke nunawa. Wata rana rigimar gado ta ɓarke tsakanin matar nan mai jifa da burodi da 'yar'uwarta, aka kwashe kaya, gidan ya zama ba kowa. Wani dillalin gidaje ya gaya wa samarin cewa irin wannan rigima kan sa gida ya shekara da shekaru a rufe. Sai suka ɗauko tsofaffin kujeru da darduma na dangin Jimmie daga wajen gwaggonsa, suka tare a ciki ba da izinin kowa ba.

Kafin a fahimci nauyin wannan tarewa, sai an san tarihin unguwar da fim ɗin ya ajiye gidan a cikinta, wato Fillmore. A 1940 baƙar fatan San Faransisko ba su kai 5,000 ba. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, shugaba Roosevelt ya sa hannu a kan umarnin da ya sa aka kwashe 'yan asalin Japan kusan 120,000, mafi yawansu 'yan ƙasar Amurka, aka kai su sansanoni. Da yawa daga cikin na San Faransisko a yankin Fillmore suke zaune. A daidai lokacin ne baƙar fata daga kudancin ƙasar, musamman Luwiziyana da Tezas, suka yi ta kwararowa don aiki a wuraren ƙera jiragen ruwan yaƙi. Masu gidaje a yawancin unguwanni ba sa ba su haya ko sayar musu, don haka suka cika gidajen da aka fitar da Japanawa daga ciki. Zuwa 1950 yawansu ya haura 43,000. Fillmore ta cika da coci-coci, da shagunan aski, da gidajen kiɗan jaz irin su Jimbo's Bop City, har ana kiranta Harlem ta Yamma.

Ba a bar ta ta daɗe a haka ba. Tun a shekarun 1930 taswirorin gwamnatin tarayya suka shafa wa irin waɗannan unguwanni jan launi, alamar cewa ba da rancen gida a cikinsu kasada ne. Gidan da banki ya ƙi ba da kuɗin gyaransa dole ya tsufa, kuma tsufan ne ya zama hujjar da hukuma ta riƙe ta ce unguwar ta ruɓe. Hukumar sabunta birnin, wadda Justin Herman ya shugabanta daga 1959 zuwa 1971, ta tura katafila. An rushe tsofaffin gidaje kusan 2,500, an tashi dubban iyalai, an rufe ɗaruruwan shaguna, aka ratsa unguwar da babban titin Geary. An raba wa waɗanda aka tasa takardun alkawarin cewa su za a fara ba wa wuri idan an sake gini, amma filaye da dama suka shekara suna kango, kuma kafin a gina su mutanen sun watse. A 1963 marubuci James Baldwin ya faɗa a fili cewa abin da ake kira sabunta birni sunansa na gaskiya kwashe baƙar fata. A 1970 baƙar fata sun kai kashi 13 cikin 100 na mutanen birnin. A ƙidayar 2020 sun koma wajen kashi 5.

Wannan korar farko ce, ta hukuma da katafila. Ta biyu ba ta buƙatar katafila. Masu hali ne ke shigowa unguwar talakawa, su saya, su gyara, haya ta tashi, shagon da ke sayar da abin da tsohon mazauni ke ci ya koma sayar da abin da ba zai iya saya ba, har ya tattara ya tafi da ƙafarsa. Wata masaniyar zamantakewa, Ruth Glass, ita ta fara raɗa wa abin suna a 1964 bayan ta lura da shi a Landan. Mu za mu kira shi mamayar masu hali. Gidan da Jimmie ke kira nasu, a cikin fim ɗin, kuɗinsa ya kai dala miliyan 4.

Inda fim ɗin ya fi burge mu shi ne abin da ya yi da labarin kaka. Tun da wuri wani mai zagayawa da 'yan yawon buɗe ido ya tsaya a ƙofar gidan yana gaya musu cewa ginin na shekarun 1850 ne. Jimmie ya leƙo daga sama ya ƙaryata shi, ya lissafa masa sassan gidan ɗaya bayan ɗaya, ya ce duka aikin hannun kakansa ne. Mai kallo zai goyi bayan Jimmie ba tare da wani tunani ba, don ga Bature da ya haddace tarihi daga takarda, ga kuma mai ɗaki da ya san inda yake masa yoyo. Sai can gaba, bayan dillalin nan ya watso musu kaya a titi ya kafa allon sayarwa, Mont ya je ofishinsa da faɗa, dillalin ya buɗe masa takardun gidan. Mai zagayawa da baƙi shi ne mai gaskiya. An gina gidan kusan shekara ɗari kafin kakan Jimmie ya taka garin.

Da wani marubucin ne, da ya bar labarin kaka ya tabbata, don ya fi sauƙin jawo tausayi: mu muka gina, aka ƙwace. Talbot da Fails suka ƙi wannan hanya, kuma ƙin nata ne ya ba fim ɗin daraja. Labarin Jimmie yana yi masa aiki biyu. Yana ba shi hujjar mallaka da ta fi takarda, kuma yana wanke danginsa daga wata tambaya mai nauyi: in kaka bai gina ba, gidan wa ya shiga? A unguwar da aka kwashe Japanawa shekaru kaɗan kafin zuwansa, amsar ba ta da daɗin ji. Har laƙabin da ake yi wa kakan, wai shi ne baƙar fata na farko a garin, tarihi bai yarda da shi ba, domin William Leidesdorff, ɗan kasuwa mai jinin Afirka, yana cikin manyan garin tun shekarun 1840, lokacin ana kiran wurin Yerba Buena. Kafin su duka kuma akwai mutanen Ohlone, waɗanda ƙasar take tasu kafin zuwan Sifaniyawa.

Ma'anar wannan ita ce, duk wanda ya ɗora haƙƙinsa na zama a kan cewa shi ne na farko, akwai ranar da wani zai fito da takardar da ta riga tasa. Fim ɗin ya karɓe wannan hujja daga hannun Jimmie, sannan ya bar mu da tambayar ko ya rasa haƙƙinsa ke nan. Duk abin da muka gani kafin nan yana cewa a'a. Mun ga shi ne ya san launin da ya dace da tagar, shi ne ya san ɓoyayyen ɗakin da ke bayan kantar littattafai, shi ne ya kwanta a dandaɓen katako yana kallon silin kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya. Haƙƙinsa ya fito ne daga zama da kulawa da sabo, abubuwan da ba a rubuta su a takardar mallaka, banki kuma ba ya karɓarsu jingina. Wurin da Jimmie ya zauna gaban ma'aikacin banki yana roƙon rance, yana alkawarin ba zai taɓa saɓa biya ba, ya fi kowane wuri nuna wannan: mutum ya zo da dukiya mai yawa, amma ba irin wadda ake karɓa a nan ba.

Mont, wanda Jonathan Majors ya fito a matsayinsa, shi ne ya ɗauki nauyin faɗar gaskiyar, kuma hanyar da ya bi tana da nata darasi. A ƙofar gidansu akwai wasu samari da ke tsayawa kullum suna zagin juna, kowa yana nuna ya fi kowa taurin kai. Ɗaya daga cikinsu, Kofi, sun zauna da Jimmie a gidan renon yara tun suna ƙanana. Ya ziyarce su a babban gidan, suka yi hira da dariya, amma da ya koma cikin abokansa sai ya ci zarafin Jimmie a gaban kowa. Ba a daɗe ba aka harbe shi ya mutu. Mont ya shirya wasan kwaikwayo a kansa a ɗakin da ke ƙarƙashin rufin gidan, ya tara dangi da maƙwabta, ya nemi kowa ya faɗi abin da ya sani game da mamacin. Jimmie ya tuna cin zarafin, ya kuma tuna ranar da Kofi ya kare shi suna yara, ya ce mutum ba abu ɗaya ba ne. A nan Mont ya juyo kansa da maganar gidan.

Wasu na ganin wannan wuri ya yi tsawo kuma ya cika ihu. Mu ma mun ji haka a kallon farko. A na biyu muka gane dalilin haɗa mutuwar Kofi da maganar gidan. Kofi ya mutu ne a cikin labarin da aka ba shi game da yadda namiji yake a unguwa irin tasu, Jimmie kuma yana neman ya binne kansa a cikin labarin da ya ba kansa. Abokin kirki ne kaɗai zai iya cire mutum daga irin wannan rami, kuma yakan biya da abotar. Daga baya Jimmie ya amsa cewa ya daɗe da sani, yawan faɗa ne ya sa ya kusa mantawa. Wanda ya fito a matsayin Kofi, Jamal Trulove, shi kansa an taɓa ɗaure shi a kan kisan da bai yi ba, kotu ta wanke shi a 2015, kuma a 2019 birnin ya amince ya biya shi diyyar sama da dala miliyan 13.

Yanzu ga inda muke da ƙorafi. Wanda bai san tarihin da muka kawo a sama ba, zai gama kallon fim ɗin bai san akwai wata hukuma da ta zauna ta zana taswira ta rushe unguwa ba. Fim ɗin ya buɗe da mutane sanye da fararen rigunan kariya daga guba suna share gaɓar teku a Hunters Point, yarinya ƙarama tana kallonsu ba abin da ke kare ta, wani mai wa'azi a kan akwati yana tambayar dalilin da ya sa sai yanzu ake sharewa. Tambayar tana da tushe, domin tashar jiragen sojan ruwa da ke wurin, wadda aka rufe a 1974, ta bar guba da burbushin nukiliya, har aka sa ta cikin jerin wuraren da suka fi gurɓata a ƙasar a 1989. Amma daga wannan buɗewa mai zafi sai fim ɗin ya sassauta. Gidan ya fita daga hannun dangin Jimmie ta hanyar da aka bari a dunƙule, ana nuni ga raunin mahaifinsa. Ya fita daga hannun Turawan ta rigimar gado. Mugun da aka ba mu shi ne dillali guda mai murmushin yaudara. Idan aka haɗa waɗannan, korar baƙar fata daga San Faransisko ta koma kamar hazon da ke saukowa garin daga teku, abin da ba wanda ya aiko shi, ba kuma wanda za a tuhuma.

A nan dole mu sa kanmu a ciki, domin sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma kuɗin wannan sana'a na cikin manyan abubuwan da suka tashi farashin gidaje a wannan birni. A 2011 hukumar birnin ta sassauta haraji ga kamfanonin da suka tare a tsakiyar titin Market, rangwamen da jama'a suka laƙaba wa sunan Twitter. A 2013 mazauna gari suka riƙa tare manyan motocin da ke kwasar ma'aikatan Google da makamantansu zuwa wurin aiki, suna cewa duk inda motar ke tsayawa haya na tashi. A 2024 birnin ya haramta wa masu gidaje amfani da manhajar da ke tattara bayanan sirri na masu gidaje daban-daban ta yanke musu kuɗin haya. Mutane irinmu ne suka rubuta wannan manhaja, a zaune, cikin natsuwa, ba tare da sun ga fuskar ko ɗan haya ɗaya ba. Me fim ɗin ya nuna daga duk wannan? Wata motar shaƙatawa cike da samari a buge suna ihu, da wasu 'yan mata biyu a bas suna kushe garin har Jimmie ya gaya musu cewa sai wanda ya so gari yake da ikon ƙinsa. Wurin yana da daɗi, amma ya yi mana sauƙi. Ma'aikacin kwamfuta zai kalle shi ya ce ai ni ba na ihu a mota, ni ina son garin, ya fita da zuciya wasai. Mamayar masu hali ba ta buƙatar mugun hali. Albashi mai kauri da ƙarancin gidaje sun ishe ta.

Kyan fim ɗin ma yana da hannu a wannan sassauci. Hotunan Adam Newport-Berra masu ruwan zinariya ne, kiɗan Emile Mosseri kuma yana ɗaga zuciya, har Jimmie da Mont a kan katakon silale guda suna ratsa gari su zama kamar mafarki. Wannan kyau yana mutunta mutanen da fina-finai suka saba nunawa cikin duhu da ƙazanta, kuma mun yaba. Sai dai yana mai da fushi ya koma kewa, kewa kuwa ba ta kai kowa kotu. Haka nan mata ba su samu wuri ba. Gwaggo Wanda, wadda ta adana kayan gidan bayan ita ma ta koma wajen gari, tana da labarin da ya isa fim guda, amma sau kaɗan muka gan ta. Mahaifiyar Jimmie a bas kawai suka haɗu, na 'yan mintuna. Ga wanda ya san cewa a Fillmore akwai mata irin su Mary Rogers da suka tsaya gaban katafila, wannan giɓi ne babba. Fim ɗin ya nuna mana baƙin cikin mutum ɗaya, bai nuna mana jama'ar da ta yi tsayin daka ba.

Duk da haka muna ganin mai karatun Hausa zai amfana da shi, saboda hujjar da ya rushe hujja ce da muka sani ciki da waje. Mu ne masu cewa baƙo raɓa ɗan gari kaba, alhali kuwa mu ne mazauna Sabo a Ibadan da zango-zangon Kumasi da Ankara, inda jikan wanda aka haifa a wurin har yau ana iya tambayarsa garinsu. Idan haƙƙin zama na wanda ya fara zuwa ne kaɗai, to waɗannan 'yan'uwa namu ba su da abin faɗa ranar da ƙasar da suke kai ta yi tsada. Idan kuwa shekarun zama da binne iyaye da renon 'ya'ya a wuri suna da nauyi, to sai mu yarda suna da nauyi ga wanda ke zaune a cikinmu ma. Ba muna cewa tarihinmu da na baƙar fatan Amurka ɗaya ba ne, domin nasu ya ratso ta bauta da dokokin wariyar launin fata. Tambayar ce ta zama ɗaya.

Fim ɗin ya ƙare da Jimmie ya bar wa Mont 'yar takardar ban-kwana, sai muka gan shi shi kaɗai a ƙaramin kwalekwale yana tuƙi a kan igiyar ruwa kusa da gadar Golden Gate. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A wajen Jimmie gidan ne ya fara barinsa, shi kuma ya ɗauki shekaru kafin ya yarda. A watan Fabrairun 2024 majalisar birnin San Faransisko ta nemi gafarar baƙar fata a hukumance a kan shekarun wariya da kora da aka yi musu. Da yawa daga cikin waɗanda aka nemi gafarar tasu sun ji labarin ne daga Oakland da Antioch da Vallejo, inda suke zaune yanzu.